Tallafin batirin ajiyar wuta: inda sabbin shiga ke ƙona hannu

Na gaji wallahi. Duk wata sai wani yaro ya shigo shagona a nan Gombe da waya a hannu, wai ya ga ana raba wa masu batirin ajiyar wuta kuɗi a duniya, in taya shi rubuta takardar neman tallafin.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne lissafa tallafi kamar ya riga ya shiga aljihu. Ni kaina ya ci ni. Shekarun baya na haɗa ɗan gidan sola a wani ƙauye wajen Kaltungo, na ci bashi na sayi batura saboda sunana ya fito a wani shiri, ba sai na faɗi wanne ba, ashe sai ka gama aiki an zo an ƙirga gidajen da ka ja wa wuta an ga mita na ci tukunna a biya ka. A rubuce yake fa, ni ne ban karanta ba. Wata bakwai mai bashi na min sallama da sassafe, har mota na sayar, uwargida ta kwana uku ba ta kula ni. Shirin DARES na faɗaɗa wutar sola, na hukumar samar da wuta a karkara (REA), wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 750 a 2023, shi ma galibi bisa sakamako yake biya. Ni yanzu cire tallafin nake daga lissafi gaba ɗaya, in aikin bai tsaya da ƙafarsa ba sai in haƙura.

Sai masu kawo min labarin Amurka. Eh, dokarsu ta 2022 ta ba batirin da aka kafa shi kaɗai ragin haraji har kashi 30. Ragin haraji fa, ƙanina! Kai da ba ka biyan ko sisi a can me za a rage maka? Kuma abin da suke kira ajiya mai dogon zango, wato wadda ke daɗewa tana ba da wuta, ma'aikatar makamashinsu daga awa 10 take farawa, Birtaniya kuwa a tsarin da ta sanar a 2024 awa 8 ne mafi ƙaranci. Batirin litiyom na tashoshin wuta yawanci awa 4 ne. Mai dogon zangon nan zai iya shafe kwanaki yana jiran ranar da iska ta ɗauke, wane banki ne zai ba da rance a kan haka? Shi ya sa Birtaniya ta yanka wa masu irin wannan ajiya iyakar ciniki ta ƙasa da ta sama: ciniki ya gaza a cika maka, ya wuce iyaka ka mayar da rarar. Kamfanin Form Energy na Amurka ma da ƙarfe da tsatsa yake yin batiri na awa 100, abin har dariya yake ba ni in na kalli tsohon kwanon shagona.

In za ka sayi batiri, kilowat (ƙarfin wutar da yake bayarwa a lokaci guda) daban, kilowat-awa (yawan wutar da yake ajiyewa) daban, tambayi awa nawa zai ɗauki kayanka.

Batirin ruwa kar ka zuƙe shi ƙasa da rabi. Kar kuma ka kulle shi a ɗakin kwano a zafin Afrilu, ni buɗe taga nake har da fanka.

Wani kuma ya taɓa rubuta min madatsar ruwa ta Dadin Kowa a matsayin batiri a takardarsa ta neman tallafi. Megawat 40 take bayarwa, gaskiya ne, amma ba a mayar da ruwanta sama da famfo don a ajiye wuta kamar batiri, sai da na sa shi ya goge layin a gabana.