Yadda za ka sa saba ɗaya ta yi aikin saba huɗu

A ofisoshi da yawa nan Kaduna, saba, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke aiki da ita, na shan wuta dare da rana alhali manhaja ɗaya kacal take ɗauke da ita. Da manhajar Proxmox VE, wadda ake saukewa kyauta, za ka raba ta gida-gida zuwa injina, kowane yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta: manhajar lissafin kuɗi a ɗakinta, rumbun bayanai a nasa. In ɗaya ta maƙale, sauran ba ruwansu.

Fara kwafe komai zuwa wani faifai, domin ɗora Proxmox yana goge faifan da ka zaɓa tas. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka kunna VT-x ko AMD-V, saitin da ke ba firoseso damar tafiyar da injinan. In ka manta, injinan ba za su tashi ba. Ɗora Proxmox daga filasha, ka ba ta adireshin IP tsayayye, sannan ka buɗe ta a burauza ta wannan adireshin da lambar ƙofa (port) 8006.

Wajen rabon RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, ake yawan yin kuskure. Firoseso na jure rabo, RAM kuwa in ta ƙare sai tsarin ya fara kashe injina. In kana da 32GB, bar wa Proxmox 4GB, ka raba wa injinan 24GB, ka ajiye sauran. Injin Windows kuma sai da direbobin VirtIO, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ya gane faifan da Proxmox ta ba shi, in ba haka ba ba zai ga faifan VirtIO ba lokacin ɗorawa.

Tunda komai ya dawo akwati ɗaya, ɗauke wuta sau ɗaya na iya lalata bayanan injina huɗu. Haɗa UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta, da zai kashe sabar a tsanake kafin batir ya ƙare. Tsara ajiyar kwafin bayanai kowane dare zuwa wata na'ura daban, ka riƙa gwada maido da ita. Lokacin hunturu, kakkaɓe ƙurar fankoki duk wata.