Masta ta intanet a fannin ilimi: inda malamai ke tuntuɓe tun kafin a fara karatun

Salamu alaikum 'yan'uwa malamai. Tun da na gama masta a fannin ilimi ta intanet kusan kullum sai wani ya tsare ni, ko a ɗakin malamai a lise, wato makarantar sakandare, ko bayan la'asar a bakin masallaci nan Garwa, "Malam yaya ake yi, nawa ne?" Abin da ke ƙona min rai wallahi shi ne rabin masu tambayar sun riga sun tura kuɗi wani wuri kafin su zo, sai in rasa ma ta ina zan fara musu bayani. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne ciwo, mutum ya biya kafin ya binciki ko takardar za ta yi masa aiki a nan gida. Ka ga talla a Facebook, hoton wani sanye da baƙar riga da hula mai igiya, an rubuta masta cikin wata shida, shi kenan zuciya ta tafi. To ɗan'uwa, a tsarin LMD (lisans, masta, dokta) da jami'o'inmu na Kamaru ke bi, ana auna yawan karatu da kiredi, lisans wato digirin farko kiredi 180 ce, masta kuma kiredi 120 a kanta, wato shekara biyu, masta 1 da masta 2. Wata shida ba zai haifi masta ba ko wa ya faɗa maka. Kuma takardar da aka samo daga waje sai ta bi ta MINESUP, ma'aikatar ilimi mai zurfi, a Yawunde an yi mata ekibalans, wato an tabbatar daidai take da tamu ta gida, kafin gwamnati ta san da ita, 'yan'uwanmu na Cadi su kuma hukumar jarrabawa ta ONECS ke duba musu a Njamena. Don haka tambayar farko ba "nawa ne" ba ce, a'a, wace hukuma ce a ƙasar makarantar ta amince da ita, kuma me za a rubuta a jikin takardar. Jami'o'in Faransa ma da kansu suna da kala biyu: akwai masta wadda gwamnatin Faransa ta amince da ita, akwai kuma DU wadda jami'ar kaɗai ke bayarwa da sunanta. DU karatu ne mai kyau, ban raina shi ba, amma ba masta ba ce, kar ka kai ta ofis kana jiran a canza maka matsayi. Haka satifiket ɗin Coursera, shafin darussa na intanet. Ka rubuta wa makarantar imel, su ba ka amsa a rubuce, ka adana.

Sai maganar kuɗi, nan zan ɗan daɗe don nan ne mutane ke karyewa a tsakiyar hanya. Mu mun saba da sefa 50,000 a shekara a jami'ar gwamnati, ko ta Ngaundare da ke Dang ko ta Marwa, to sai mutum ya ɗauka na intanet ma bai wuce haka ba tunda babu ɗaki babu allo. Ba haka ba ne. In yuro aka rubuta lissafin da sauƙi, yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, kenan yuro 1,000 ya tashi sefa 655,957 tun kafin banki ya ɗora nasa. In dala ce kuwa tana hawa tana sauka, abin da ka lissafa a Satumba ba lallai shi za ka biya a Maris ba, sai ka bar rara a sama. Akwai kuma masu jin "ba kuɗin makaranta" su ɗauka kyauta ne gaba ɗaya, misali University of the People ta Amurka, tana da masta a fannin ilimi, gaskiya ne ba ta karɓar kuɗin koyarwa amma akwai kuɗin neman shiga kuma kowane darasi akwai kuɗin jarrabawarsa da dala, in ka haɗa na darussan duka abu ne mai kauri, kuma da Turanci ake karatun. Ba yaudara suka yi ba, a rubuce yake, mu ne ba mu karantawa har ƙasa.

Abin da nake ba kowa shawara, ka ɗauki takarda da biro ka rubuta kuɗin tun daga ranar farko har ranar da takardar za ta shigo hannunka, da sefa. Ka sa kuɗin data na wata 24, ka sa tambur da ligalize takardu, wato buga musu hatimin hukuma, fassara, gyaran kwamfuta in ta lalace, motar zuwa Ngaundare ko Yawunde in jarrabawar sai an je an zauna, ka sa kuɗin ekibalans ɗin kansa da zirga-zirgarsa. In adadin ya ba ka tsoro gara ya ba ka yanzu. Kuma don Allah kar ka gina lissafinka a kan rapel, wato bashin albashin da kake bin gwamnati, da bai faɗo ba, na san malamai da yawa da suka ce "in rapel ya fito zan biya kashi na biyu", kashi na biyu ya zo ya wuce aka rufe musu shafi. Abin da ya taimake ni adashe ne, na roƙi uwar adashe ta sa ɗaukata wata ɗaya kafin ranar biya, ba bayanta ba. Kuma akwai makarantun da suke yarda a biya kashi-kashi in ka tambaya tun farko, kunyar tambaya ce ke cutar mu.

Tallafi ma akwai, mutane ne ba sa nema. AUF, ƙungiyar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, ta daɗe tana haɗa ɗalibanmu da karatun nesa na jami'o'in da aka sani, tana da cibiya a jami'ar Ngaundare da Yawunde da Njamena. Ka je ka yi tambaya da bakinka, me aka buɗe bana, akwai ragin kuɗi ko babu, yaushe ake rufe karɓar dosiye, wato takardun neman shiga. Ranar rufewa ba ta jiran kowa.

Yadda ake tura kuɗin kuwa, a nan na ga abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Wani abokin aikina, dattijo ne mai iyali, ba shi da katin banki, sai wani yaro a shagon intanet ya ce Baba kawo in biya maka da nawa. Ya ƙirga masa kuɗin a hannu, yaron ya nuna masa wani hoto a waya wai an biya. Sati uku makaranta na aiko saƙo ba su ga komai ba, yaron kuma lambarsa ta daina shiga. Ba rasit da sunan Baba, ba abin nunawa. Ina zaune kusa da shi yana ta jujjuya wayar a hannu bai ce uffan ba. To kar wanda ya biya maka. Orange Money da MoMo suna mana aiki a gida amma makarantun waje yawanci kati suke so ko biya ta banki, ka je banki ka yi katin Visa wanda ake zuba wa kuɗi, da sunanka, ka tambaye su ko an buɗe shi don biya ta intanet da iyakar abin da zai iya fitarwa. Tun da dokar canjin kuɗi ta BEAC, babban bankin yankinmu, ta fara aiki a 2019 bankuna na neman shaida in kuɗi zai fita waje, saboda haka ka riƙe takardar shiga da takardar kuɗin makarantar a hannu, kuma kar ka bari sai ranar ƙarshe. Ka sa lambarka ta ɗalibi a wurin bayanin biya, ka ajiye rasit a waya ka kuma buga shi a takarda.

Dosiye ba zan ja shi ba. CAPIEMP, takardar malantar firamare, ba lisans ba ce, sai ka yi lisans tukuna. Ka duba sunanka harafi-harafi, mu nan arewa wannan ciwonmu ne, takardar haihuwa Hamadou, bak (takardar gama sakandare) Amadou, lisans Ahmadou, ga su mutum uku ne, ka gyara kafin ka tura. Makarantar Turanci kuma za ta nemi fassarar takardun makinka daga mai fassara na hukuma, ba ta ɗan maƙwabcinka da ya iya Turanci ba. Kuma ka yi sikan mai kyau, hoton waya a kan tabarma da inuwar hannunka ana mayar da shi.

To an ɗauke ka, an ba ka lambar shiga, sai mutum ya ce bari in huta sati biyu tukuna. Kuskure. Satin farko nan ne ake koyon inda ake ɗora aiki a Moodle, wato shafin karatun makarantar, inda ake muhawara da sauran ɗalibai, da agogon da makarantar ke amfani da shi. Faransa lokacin sanyinsu agogonmu ɗaya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, wato sha biyun darensu sha ɗayanmu ne, wannan awa ɗayar ta ci makin mutane. Wuta kuma kun san halinta daga Maris zuwa Mayu in ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki, ga zafi, saboda haka duk sanda ta zo ka caja komai ka sauke darussan sati gaba ɗaya, aikin da za a karɓa Lahadi ka ɗora shi Juma'a. Waya kaɗai ba za ta rubuta maka shafi goma sha biyar ba, ko tsohuwar kwamfuta ce ka nema. Kar ka ɗauki darussa da yawa a zangon da ya haɗu da gadin jarrabawa da gyaran takardun BEPC da furobatuwar, jarrabawowin sakandare. Kwafe rubutun wani daga intanet kuwa suna da manhajar da ke kamawa, kuma har kora ana iya yi ba gargaɗi kawai ba, ka koyi yadda ake nuna inda ka ɗauko magana tun aikin farko.

Ka zaunar da uwargida ko maigida tun yanzu ka faɗa musu awa biyun bayan isha'i na karatu ne har shekara biyu. In rasuwa ko rashin lafiya ta faɗo, ka rubuta wa malamin darasin kafin ranar ta wuce, ka faɗi abin da ya faru a taƙaice, ka nemi ƙarin kwana biyu ko uku.