Kafin ka tura wa ɗalibai PDF daga laburare, duba nan

Ni da nake kula da ɗan laburaren makarantarmu a wani ƙauye kusa da Ringim kullum sai yaro ya miƙo min memori ko filashi, Malam don Allah a zuba min littafin nan, to gaskiya ba kowane littafi ake zubawa ba.

Fara da buɗe shafin farko ko na ƙarshe ka nemi lasisin. In ka ga CC BY, wato alamar lasisin Creative Commons da mai littafi ke sawa don ba da izinin rabawa, raba abinka har a WhatsApp, sharaɗin dai ka bar sunan marubuci, in da NC a jiki kar ka sayar ko da naira hamsin ce, ND kuma ba a fassara shi a raba sai da izini. Shafin intanet na African Storybook na da labaran yara da Hausa masu lasisin CC, mu can muke ɗebowa.

Wanda babu wannan alama mai shi na nan da haƙƙinsa, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Ɗalibi zai iya hoton shafuka kaɗan don nazari, amma littafi sukutum a kai shagon fotokwafi, wallahi cin gumin marubuci ne, kuma abin na damuna sosai. Makaho kam dokar ta yarda a mayar masa da littafi yadda zai iya karantawa.

Sai fasuwod ɗin mujallu irin na Research4Life (shafin karanta mujallun bincike a intanet) da jami'a ke ba ɗalibanta, kar ka ba aboki a gari, in aka gano ana iya rufe wa makarantar gaba ɗaya.