Yadda za ka shirya a-kori-kura don zuwa kwana a daji

Yawanci idan mutum ya samu Hilux ko Ranger ko D-Max kuma ya fara sha'awar shiga daji ya kwana biyu, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne tantin nan na saman mota da fitilu masu kashe ido da ƙatuwar bamba ta ƙarfe. Ni dai shawarata, kafin ka sayi ko noti ɗaya, buɗe littafin motar ko ka duba ɗan allon da ke jikin ƙofar direba ka ga iya nauyin da aka yarje mata ta ɗauka. Irin waɗannan motocin yawancinsu wajen tan 1 ne, kuma abin da mutane ke mantawa shi ne har da ku da ke zaune a ciki aka lissafa.

To yi lissafi mana. Mutum 4 kun kusa kilo 300. Bamba ta ƙarfe da winci, wato injin nan mai igiya da ke jawo mota idan ta kafe, su ci kusan kilo 100, tantin sama da ƙarafan da zai zauna a kai wani 100 ɗin, ruwa kuma kowace lita 1 kilo 1 ce, ga jarkokin mai masu lita 20, ga firji, ga batir na biyu, ga akwatin kayan aiki, kafin ka ankara motar ta zauna a gindi, birki ya daina kamawa da wuri, sifirin ya miƙe, kuma kai ba ka ma bar kwalta ba. Idan ka gama lodi ka kai ta sikelin da ake auna manyan motoci a auna maka, kar ka yi kintace da ido. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, can gaban bodi kusa da kan mota, kar su wuce aksul ɗin baya, a ɗaure komai tamau. A sama kuwa sai marasa nauyi, don duk abin da ka ɗora a can shi ne zai riƙa jan motar gefe idan ta karkata a kan gangare.

Kuɗinka na farko ya tafi kan taya. Wallahi babu abin da ke canja mota a daji kamar taya. Akwai wadda aka rubuta AT, ita ce mai yin ko'ina, kwalta da tsakuwa da ƴar laka, akwai kuma MT mai manyan haƙora ta taɓo zalla, amma tana da ƙugi a kan titi kuma ba ta riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta sosai. Ga mafi yawan mutane AT ta isa, ka dai nemi wadda ke da LT a jikin lambarta saboda gefenta ya fi kauri, kuma a daji gefen taya ne kututture ke farkewa. Safaya ta zama girmansu ɗaya da sauran. Kar kuma ka ruɗu da ɗaga mota sama sosai, inci 2 ya wadatar, fiye da haka ka fara wahalar da ƙafafun gaba.

Sai maganar iska, wadda kyauta ce amma mutane ba sa yi. Da ka sauka daga kwalta ka rage iskar taya zuwa wajen 22 ko 25 a geji, a cikin yashi ko laka mai laushi har 18. Za ka ga tayar ta ɗan baje, tana lanƙwashewa a kan saiwa da dutse maimakon ta riƙa tsalle, jijjiga ta ragu, kamun ƙasa ya ƙaru. Amma fa sai a hankali za ka tafi, ban da murɗa sitiyari da ƙarfi, kuma dole ka mayar da iskar kafin ka hau titi don taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka a guje har ta fashe. Saboda haka famfon iska mai aiki da batirin mota, da geji, da kayan facin nan da ake cusawa a hujin taya, ba a tafiya babu su.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Mota za ta kafe, ko yau ko gobe. Na taɓa tsayawa a wajen da wasu ke ƙoƙarin fizgo mota daga taɓo, sun rataya igiyar a kan ƙwallon nan na jan tirela da ke baya, sai da na roƙe su suka cire. Wannan ƙwallon ba a yi shi don fizga ba, idan ya tsinke tahowa yake kamar harsashi ya fasa gilas, kuma an sha rasa rai ta haka. Ka sa a ɗaura maka wuraren ja na musamman a jikin shasi, gaba da baya, waɗanda aka rubuta ƙarfinsu. Ƴan kunnuwan da ke ƙarƙashin wasu motoci na ɗaure mota ne lokacin da ake jigilarta, ba na ceto ba.

Kafin ma a kai ga igiya, shebur mai dogon hannu da allunan nan masu ƙuraje da ake turawa ƙarƙashin taya sukan fitar da kai sau da yawa. Ka daina taka mai da zarar taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, kowane juyi rami take haƙa maka. Sauka, kwashe lakar gaban tayoyi, ƙara rage iska, tura allunan, sa 4L, wato giyar nan mai ƙarfi da ke juya duka tayoyi huɗu a hankali, ka fita a sannu. Winci kuwa a daji yana da rana tunda ga bishiyoyi ko'ina, ka nemi mai ƙarfin da ya ninka cikakken nauyin motar sau ɗaya da rabi, wato wanda aka rubuta 10,000 zuwa 12,000 lb a jikinsa, a irin wannan motar. Kar ka naɗa igiyarsa kai tsaye a jikin bishiya, akwai faffaɗan bel da ake zagayawa can ƙasa kusa da saiwa don kar a yanke mata ɓawo ta mutu. Ɗora bargo ko wani abu mai ɗan nauyi a tsakiyar igiyar, sa safar hannu, kowa ya ja da baya. Jak kuma ka haɗa shi da katako mai kauri, in ba haka ba nutsewa zai yi a ƙasa.

Ƙarƙashin mota a sa faranti na ƙarfe ya kare kwanon baƙin mai da giyabos da tanki. Ruwa kuma kar ka raina shi, kamfani ya ce iya zurfin ruwan da Hilux za ta shiga milimita 700 ne, Ranger 800, kuma bututun iskan nan da ake ɗagawa gefen gilas bai mayar da mota kwale-kwale ba. Ka taka da ƙafa ko ka auna da sanda, idan ruwan na gudu da ƙarfi ka haƙura ka jira.

Daji na da nasa fitinar. Bishiya kan faɗo ta tare hanya, don haka zarto mai kyau da gatari. Rassa na dukan gilas, wasu kan ja siririyar waya daga bamba zuwa ƙarfen sama ta riƙa ture su. Busasshiyar ciyawa kuma na cushewa a jikin salansa mai zafi ta kama wuta, duk tsayawa ka leƙa ƙasa ka zare ta, abin kashe gobara ya kasance inda hannunka zai kai daga kujera, ba can ƙarƙashin kaya ba.

Wutar lantarki: kar ka jona firji a batirin da ke tayar da mota. Sa na biyu, mai 100Ah ya ishi firji da fitilu da cajin waya, a haɗa shi da cajar da ke raba su idan an kashe inji, a sa fis dab da kan batirin. Wayar da ta goga da ƙarfe babu fis ita ke ƙona mota.

Wajen kwana ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Murfi a kan bodi da katifa, ko tantin ƙasa da tamfol da gidan sauro, duk suna yi, kuma tantin ƙasa na ba ka damar fita da mota ba sai ka naɗe komai ba. Ɗaga kai ka duba kafin ka kafa, kar ka kwana ƙarƙashin mataccen reshe ko a cikin busasshen rafi. Kar ka kunna risho ko gawayi a cikin tanti a rufe, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

Ruwan sha aƙalla lita 5 ga kowane mutum a rana, a raba shi jarka biyu ko uku ko da ɗaya za ta huje. Akwatin magani, taswirar da ka sauke a waya tun akwai sabis, kuma ka gaya wa wani a gida hanyar da za ka bi da ranar da za ka dawo. In da hali ku tafi mota biyu. Fitar farko ka yi ta kwana ɗaya a wuri na kusa, ka gwada 4L da winci da famfon iska da rana tsaka, in ka dawo ka sauke duk abin da ba ka taɓa ba, ban da kayan ceto da na magani.