Yadda Za Ka Zama Ɗan Wasan Barkwanci Mai Rubuta Wasansa

Idan kana so ka daɗe a wasan barkwanci na talabijin, shawarata ta farko ita ce ka koyi rubuta abin da za ka fito ka yi. Ɗan wasan da ke jiran a miƙo masa takarda, ranar da marubuci ya manta da shi, shi ke nan aikinsa ya tsaya.

Ka riƙa yawo da ɗan littafi a aljihu. Ni halin mutane nake rubutawa a nawa: wanda ya ɓata hanya amma ya ƙi tambaya don kada a raina shi, ko wadda ta manta sunan baƙuwarta tana ta kewaye-kewaye. Daga irin waɗannan ake gina mutumin da za ka zama a gaban kyamara. Ka ba shi abu guda da yake matuƙar so, ka ba shi hali guda da ke hana shi samu, sannan ka rubuta fitowa ta minti uku kacal.

Wurin da nake so ka fi ba ƙarfi shi ne gwaji. Kada ka tsaya kan abokanka, domin su kunyarka za ta sa su dara. Ka nemi mutanen da ba su san ka ba, ka yi wasan a gabansu, wani na gefe yana yi maka alama a takarda duk inda aka yi dariya. Inda aka yi tsit, ka goge shi, ko da kuwa shi ne layin da ka fi so. Rowan Atkinson na Ingila, wanda ya karanci injiniyancin lantarki, tun yana jami'ar Oxford ya fara ƙirƙirar Mr. Bean. A 1987 ya kai shi bikin barkwanci na Montreal a Kanada, ya gwada shi gaban masu jin Faransanci, don ya ga ko motsin jiki kaɗai zai ba su dariya. Sai a 1990 shirin ya fara fita a tashar ITV, kuma duka-duka kashi 15 aka yi. Abin da ke burge ni shi ne haƙurin shekarun nan kafin a kunna kyamara.

Ka kuma koyi yin shiru. Sau da yawa dariyar tana cikin ɗan dakatawar da ka yi kafin ka ba da amsa, kuma idan mutane na dariya, ka bari su sarara kafin ka ci gaba, in ba haka ba maganarka ta gaba ta bi iska.

Idan ƙofar rubutu ce ta fara buɗe maka, ka shiga, kada ka raina ta. Tina Fey ta Amurka a matsayin marubuciya ta shiga shirin barkwancin talabijin mai suna Saturday Night Live a 1997, a 1999 ta zama shugabar marubutansa, mace ta farko da ta riƙe muƙamin, sannan daga 2000 aka riƙa ganinta a kai a kai tana gabatar da sashen labarai na shirin. A ɗakin marubuta za ka koyi jure a jefar da shawararka yau, gobe ka dawo da wata.

Kafin ka miƙa wa furodusa rubutunka, ku yi yarjejeniya a rubuce: wa ke da haƙƙin mallakar labarin da mutumin da ka ƙirƙira, nawa ne ladan rubutu, nawa ne na fitowa, kuma a tabbatar sunanka zai fito cikin jerin marubuta. Ka ajiye kwafinka mai sa hannun kowa.