Yadda na dawo kan karatun jarrabawar CFA

Wata biyu da fara shirin matakin farko na CFA, jarrabawar ƙwarewa a harkar kuɗi da zuba jari, gwiwata ta yi sanyi. Sai in buɗe littafi bayan aiki, in ƙura wa shafi ɗaya ido har barci ya kwashe ni. Awa 300 ɗin da ake so a tanada don karatun ta tsaya mini a rai.

Ashe karantawa kawai nake yi, ba na gwada kaina. Sai na koma tashi da sassafe, in amsa tambayoyi 20 kafin in taɓa waya, daƙiƙa 90 kowace, daidai da lokacin jarrabawar. Wadda na faɗi, ita nake bi cikin littafi. Lissafin riba kan riba, wanda ya fi ba ni tsoro, a mako na uku ya fara zauna mini.