Masu ciwon dunduniya da asuba, ga shawara

Salam 'yan uwa. Masu cewa in sun sauko daga gado takun farko kamar sun taka ƙusa, sai an ɗan zagaya tsakar gida sannan ya lafa, yawanci jijiyar nan ce mai kauri ta tafin ƙafa ta gaji, musamman malaman makaranta da masu wuni tsaye a kasuwar Sabon Gari.

Kafin ki taka ƙasa ki zauna bakin gado ki miƙe ƙafar, ki sagala tawul a tafin ki jawo yatsun wajenki, riƙe kamar sakan 30 sau uku. Da yamma kuma a sa gorar ruwa a firiza ta daskare, a dinga mirgina ta ƙarƙashin ƙafa minti 10, wallahi tana rage zogi sosai. Silifas ɗin roba da ya suɗe kuma dan Allah a haƙura da shi, haka yawo ba takalmi a kan siminti.

Abin yana ɗaukar watanni fa, kar a gaji. In ya ƙi sauƙi ko akwai kumburi ku je sashen fisiyo (masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi) a asibitin Shika da ke Zariya su duba, masu ciwon suga kam ku fara ganin likita kafin batun ƙanƙara.